Allon da Kofur Ya Kafa

A ƙauyenmu, can bayan Faru, ba a rubuta sunan mamaci a kabari. A haƙa, a sa mutum, a jera itace, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu, a ɗora ƙaya saboda karnuka. Wanda ya damu ƙwarai ya kifa fasasshiyar tukunya ta wajen kai. Damina biyu ko uku tudun ya kwanta, shi ke nan sai addu'a. Haka muka binne Baba, kuma da an bar shi haka da ban sami abin rubutawa ba.

Baba tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya kai saje, aka sallame shi tun ba a haife ni ba, ya dawo gida ya kama noma da gyaran keke. Yaran da suka taso daga baya ba su san shi da komai ba sai mai facin taya a gindin bishiyar bedi. Da 'yan bindiga suka cika dajinmu sai ya ƙara kulle bakinsa, ya kwashi lambobinsa da hotunansa na kaki ya zuba a masai. Yana da dalili. A ƙasarmu yanzu gara a ce gidanku akwai shanu da a ce gidanku gidan soja ne. Mun ji yadda suka tsare wani dattijo a hanya, suka buɗe wayarsa suka ga hoton ɗansa cikin kaki, ko maganar fansa ba a yi ba, gawarsa aka je aka ɗauko. Ba sa tambayar yaushe aka yi sojan. A wurinsu duk wanda ya shafi kaki mai kai rahoto ne, shi da matarsa da 'ya'yansa.

Ni ina Talata Mafara ina koyarwa a firamare. Ƙanena shi ya zauna a gida da Inna da matarsa da yara, gonarsa kuma iyaka ɗaya take da maƙabarta.

Baba yana da aboki a Bakura wanda tare suka yi yaƙin, kowa Kofur yake ce masa. Kunnensa ɗaya ya mutu tun a can, saboda haka ba ya magana sai da ihu, ko sirri zai gaya maka sai layin baya ya ji. Shi kam lambobinsa a ƙirjin kaftani yake maƙala su, ko sunan jariri zai je. Bai sami jana'izar Baba ba don hanya ba ta biyuwa a lokacin, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Wata Talata, ranar kasuwa, sai ga shi a ƙofar gidana da wani abu cikin buhu. Bayan mun gama doguwar gaisuwa ya kwance. Farantin ƙarfe ne, faɗinsa kamar babban faifai, an yi masa walda a kan bututu. An shafa fenti ja da baƙi, an zana bindigogi biyu a gicciye, ƙasa kuma ga sunan Baba da muƙaminsa da lambarsa da farin fenti. Ba zan ɓoye ba, da na ga sunan sai da ƙirjina ya cika. Ban taɓa ganin an rubuta sunan mahaifina da manyan baƙaƙe ba. Amma sai idona ya koma kan bindigogin.

Na ce, "Baba Kofur, ba ka ganin halin da ake ciki?"

"Mi? Ɗaga murya!"

Na maimaita, ina waige-waige a ƙofar gidana kamar ɓarawo.

Ya ce, "Mutumen da yat tsaya gaban harsashi don ƙasag ga, a bar shi ba ko alama? Muna da rai? Ku yaran zamani tsoro zai kashe ku tun ba a harbe ku ba."

Na so in ce masa shi bayan ya kafa zai hau mota ya koma Bakura ya sha furarsa, mu ne za a bari da allo. Ban faɗa ba. Tsoho ne, abokin ubana ne, kuma ko na faɗa sai na faɗa da ihu.

Ya tattara wasu tsofaffin sojoji biyu, suka hau babura har ƙauyenmu. Ƙanena ya ba ni labari daga baya. Liman ya fito ya ce wannan ba al'adarmu ba ce, addini ma bai so a riƙa ƙawata kabari ba. Kofur ya juya masa mataccen kunnen. Suka haƙa rami ta wajen kai, suka kwaɓa siminti suka zuba, wai don kada masu tsintar ƙarafa su tumɓuke. Sannan su ukun suka jeru, da sandunansu da ƙusumbinsu, suka ƙame suka sara wa Baba. Kafin la'asar sun bar garin.

Allon ya tsaya duk rani ba abin da ya faru, domin da rani 'yan bindigar ta cikin fadama suke bi, nesa da maƙabarta. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ƙanena ya kira ni a waya.

"Yaya, allon ga na Baba Kofur zai sa a kashe mu."

Ya tuna mini abin da na sani na manta don zaman birni. Ruwa na sauka fadama ta cika, babur ba ya ratsa ta. Sai su koma bin tudu, hanyar tudu kuwa ta jikin maƙabarta ta wuce. Duk wanda ya bi ta sai ya ga jan fenti yana ƙyalli a tsakiyar kaburburan da ba su da ko tsinke. Yawancinsu ba su iya karatu ba, amma ba a buƙatar karatu a gane hoton bindiga. Za su tambayi kabarin wane ne, kuma a bakin bindiga ba wanda zai ƙi nuna gidanmu.

Na ce, "To ka cire shi mana. Kai da kake nan."

"Inna tac ce ba mai taɓa kabarin sai kai. Kai ab babba."

Raina ya ɓaci. Duk shekarun nan ba a tuna ni ne babba ba sai da aka zo aikin da za a iya mutuwa. Amma ina ajiye wayar na ga fuskokin 'ya'yansa, musamman 'yar ƙaramar da take kama mini yatsa in na je. Na goge hotunan da ke cikin wayata kaf, har na ɗalibaina masu kayan fareti, na sa tsohuwar riga, na shiga motar Maradun. Daga can na hau babur zuwa Faru, daga Faru wani babur ɗin. Mai babur na ƙarshe duk hanya idonsa na kan bishiyoyi, ni ma ban nemi hira ba.

Da hantsi muka fita, ni da ƙanena, da diga da shebur da guduma da buhu. Mun shirya cewa in wani ya tambaya, gyaran kabari muka zo yi kafin ruwa. Maƙabartar fili ce fetal. Da can akwai itatuwa, amma tun da shiga daji ya gagara mutane suka sare su ɗaya bayan ɗaya don girki. Daga nesa na hango allon. Wallahi ko makaho ne ya bi hanyar nan sai ya ji a jikinsa akwai wani abu a wurin.

Muka yi wa Baba addu'a a gaggauce, na kama bututun na jijjiga. Ko motsi. Tsofaffin nan da ba sa iya ɗaga buta sun zuba siminti kamar masu ginin gada. Na tsine wa ƙwazonsu a zuci, na ɗauki diga. Duk saran da na kai sai in ji kamar ana jinsa har cikin daji. Gumi ya jiƙa ni, ba na zafin rana kaɗai ba. Ƙanena yana kwashe ƙasa yana ɗaga kai yana duba hanya. Da ƙyar muka tumɓuko shi da dunƙulen simintinsa, sai kuma ya ƙi shiga buhu, tsawonsa ya yi yawa. Dole sai an raba farantin da bututun. Na kwantar da shi na shiga dukan wurin waldar da guduma.

Waldar na karyewa na ji ƙarar babura.

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai gane ba. Babur ɗaya ba komai ba ne. Amma in ka ji su da yawa a haɗe, ƙarar tana tafe ba ta yankewa, to hanjinka ne zai fara sanarwa kafin kunnenka. Ƙanena ya ce, "Innalillahi." Babu wurin gudu, babu ko kututturen da za a raɓa. Na tura bututun da simintinsa cikin wani ɗan kwazazzabo da ke gefe. Farantin kuwa na kifa shi a ƙasa, na shura masa ƙasa da ƙafa. Allah Ya taimake ni mai waldar malalaci ne, bai yi wa bayan fenti ba, duk ya yi tsatsa. Ƙanena ya tura ƙasa cikin ramin da muka bari ya tsaya a kai.

Ta cikin gari suka fito, ba ta daji ba. Kowane babur mutum biyu ko uku, bindigogi a rataye, wasu sun naɗe fuska. A bayansu ga mutanen garinmu kaɗan a ƙasa ɗauke da makara, Liman na biye yana taka ƙasa kamar mai zazzaɓi. Sai daga baya na ji yadda aka yi. Wani yaronsu aka kashe, haifaffen unguwar gabas ta garinmu, wanda ya shiga daji shekarun baya. Uwarsa tana nan da rai. Suka kawo mata gawar da safe, muna fita suna shiga, aka yi masa wanka da sutura, suka sa Liman ya sallace shi a ƙofar gida.

Babbansu ya sauko. Bai kai ƙanena shekaru ba. Idanunsa jajir, ban sani ba ko kuka ne ko abin da suke sha. Ya dube mu, ya dubi digar da ke hannuna.

"Mi kuke yi nan?"

Ƙanena ne ya amsa, "Kabarin tsohonmu muka gyara, ranka shi daɗe, kahin ruwa."

Ya ƙare mana kallo. Ina jin farantin a bayan dugadugina kamar garwashi.

"To ga masu haƙa Allah Ya kawo. Ku zo nan."

Ya nuna wani wuri, ba nisa da inda muke tsaye. Muka haƙa. Ban taɓa haƙa kabari da kaina ba, malamin makaranta ne ni, hannuna alli ya sani. Ranar na haƙa kamar wanda aka haifa da diga. Muka fitar da babban ramin, sannan siririn na ciki inda ake kwantar da gawa. Tafin hannuna ya tsage ban ji ba. Suna tsaye a kanmu, in na ɗaga ido ba abin da nake gani sai takalman roba da bakin bindiga. Wani yana kuka a hankali. Wani kuma wayarsa ta yi ƙara da waƙa, aka daka masa tsawa.

Da aka gama babbansu ya ce in tsaya a ciki in karɓi gawar. Na karɓa, ni da ƙanena, muka kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Aka fara miƙo itacen da mutanen gari suka tsinto a gidajensu, ina jerawa daga ƙafa. Itacen ya ƙare saura wajen kai a buɗe.

"Ku samo wani abu," in ji babbansu.

Aka shiga dube-dube a filin da ba ko reshe. Sai na ji ƙarar ƙarfe, ƙwal. Ɗaya daga cikinsu ya taka farantin.

"Wanga hwa?"

Daga cikin ramin ina ganinsa ya sunkuya ya kama gefe ya ɗaga. Ƙasa ta zube daga bayan. Abin da ya rage kawai ya karkata hannunsa. Na dubi Liman. Ya san ko mene ne, duk mutanen garin da ke wurin sun sani, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Na tuna Inna tana zaune a tsakar gida tana jiran mu dawo mu ci tuwo.

Ban san inda muryar ta fito ba. Na miƙa hannu biyu sama na ce, "Yawwa, shi zai yi. Miƙo shi haka nan a kwance, kada ƙasa ta zubo wa mamaci."

Ya tako ya miƙo mini shi a kwance. Su da ke sama tsatsa kawai suke gani. Ni da ke ƙasa, da ya zo saitin kaina, sai ga sunan Baba da fararen baƙaƙe, ga bindigogin nan biyu, ga lambarsa, kusa da fuskata har ina jin warin fenti. Na sauke shi a hankali, na ɗora a kan gurbin. Ya zauna daidai kamar an auna. Rubutun yana kallon fuskar yaron.

"Ƙasa!" na ce da ƙarfi, har na ba kaina tsoro. Ƙanena ya miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa, na liƙe gefen farantin, na shafe bayansa gaba ɗaya, na ƙara, na sake ƙarawa, har sai da wani ya ce ya isa. Muka fito aka tura ƙasa. Liman ya yi addu'a, muka shafa tare da su.

Babbansu ya dube ni ya ce, "Allah Shi biya, Malam." Suka hau babura. Wajen juyawa suka bi ta kan kaburbura, har da na Baba, ba wanda ya ce kanzil.

Da ƙarar ta ɓace na zauna daɓas a ƙasa. Liman ya zo ya tsaya a kaina, ya dafa kafaɗata ya wuce. Har yau ba wanda ya taɓa ta da zancen a garin, ko a tsakanin mata.

Na koma Mafara ina cewa an rabu da bala'i. Kofur ya zo wata ranar kasuwa ya tambaye ni ko allon na nan tsaye. Na gaya masa na cire. Ban gaya masa inda yake ba, don in ya ji, kafin azahar duk 'yan kasuwa sun ji. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce Saje bai haifi ɗa ba, ya juya. Tun daga ranar ko na gaishe shi mataccen kunnen yake ba ni. Abin ya yi mini ciwo, amma ciwon da ake iya kwana da shi ne.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ƙanena ya kira.

"Yaya, ka yi tunanin abin da ka hwaruwa in kabari ya rufta?"

Ban yi ba. Ƙasar maƙabartarmu rairayi ce, kowace damina sai wasu kaburburan sun rufta, musamman sababbi, in gara ta ci itacen. In kabari ya rufta, dangin mamaci ne suke zuwa su kwashe ƙasar sama, su sake jera itace. Su kuwa mutanen nan ta jikin kabarin suke wucewa duk damina, wani lokaci har su tsaya su yi masa addu'a. Ranar da ya rufta suka sa hannu, abin da za su fara cin karo da shi farantin ne, kuma wannan karon sai sun juya shi. Babbansu ya san fuskokin waɗanda suka rufe kabarin, ya san gonar da ke kusa ta waye ce.

Tun daga nan ƙanena ya sami sabon aiki. Ruwa na ɗaukewa, kafin ya duba geronsa, sai ya saɓa fartanya ya nufi kabarin yaron. Ya cike inda ya zaizaye, ya daddaɓe, ya ja wa ruwa hanya ta gefe, ya sabunta ƙaya. A duk maƙabartar babu kabarin da ya kai shi kyau. Uwar yaron, wadda mutanen gari ko gaisuwar kirki sun daina yi mata, ta ji labari ta aiko da ƙwaryar fura gidanmu, tana ta sa albarka, wai ba ta san akwai sauran masu zuciya irin ta ɗan mai gyaran keke ba. Ƙanena ya ce ya sha a gaban ɗan aiken, don kada a lura da wani abu, sannan ya zagaya baya ya amayar.

Shekarar an yi mutuwa da yawa a garin, ta bindiga da ta zazzaɓi. Aka yi ta haƙa a gaggauce duk inda aka ga fili, har kewayen na Baba, ba wanda yake son daɗewa a maƙabarta. Ni kuma hanya ta ƙara lalacewa, ban sake samun zuwa ba.

Yanzu in hadari ya haɗu a Mafara, abokan aikina murna suke yi, ni kuwa alli ma ba na iya riƙewa. Sai in fita bayan aji in yi ta kiran lambar ƙanena har sai ta shiga. Ruwan da aka yi na baya-bayan nan ya kwana ya wuni. Sai da yamma na same shi.

"Ya ɗan zabtare ta wajen kai, Yaya, amma ban ga ƙarhe ba. Na cike."

Na yi hamdala, na jingina da bango. Sannan na ce, "Na Baba fa? Ka duba shi?"



"Yaya," ya ce, "wanne daga ciki?"